Kashi, Ba Ƙashi Ba

Shekara talatin da uku Ta-Madubi ta yi tana aikin hukuma, fayil ɗinta bai taɓa ɗaukar ko ɗigon baƙi ba. Sai da ya rage mata wata huɗu ta yi ritaya aka jefa masa takarda. Layi biyar ne kacal, amma a layi na uku akwai kalmar da ta hana ta cin abincin rana. Kalmar ita ce sakaci.

Duk wanda ya san matar nan ya san an yi mata ƙarya. A ce tana da baƙar magana, an yi gaskiya. A ce ba ta iya gaisuwa mai tsawo ba, ita ma za ta yarda. Amma sakaci? Matar da ke wanke gilashi sau uku sannan ta ɗaga shi a haske ta sake harararsa?

Sunan Ta-Madubi a wani ƙaramin asibiti ta samo shi, inda ta shekara ashirin da bakwai a ɗakin gwaji tana duba bayan-gidan marasa lafiya. Kowace safiya sai ta tarar da ƙananan kwalabe jere a bakin taga, kowacce an naɗe ta da takarda kamar kayan sata. Masu kawowa su ajiye su juya, ba mai kallon fuskarta. Ita kuwa ta ɗebi kaɗan da tsinke, ta dama da ɗigon ruwan gishiri a kan gilashi, ta tura ƙarƙashin na'urar nan mai girmama ƙananan abubuwa, wadda su a wurin aiki suke kira madubi. Ƙwan tsutsar ciki take nema, kuma ta san su yadda uwa ta san 'ya'yanta: ga mai kaushin ɓawo, ga mai kama da ganga da toshi a kowane baki, ga mai siririn ɓawo da sai an rage haske ake ganinsa. Yara nawa suka warke saboda idonta, ba wanda ya ƙirga. Abin da mutane suka riƙe shi ne irin abin da take taɓawa. In ana taro a dangin mijinta, aikin jera kujeru ake ba ta, kada dai hannunta ya kai ga kwano. Alhali in za a tara sabulun da matan gidan suka kashe a shekara, bai kai nata na wata guda ba.

Maigidanta, tsohon direban bas, shi kaɗai ya mai da abin raha. Yakan ce, "Ni fa ku ji tsorona. Matata ta san cikin kowa a garin nan."

Da asibitin ya sayi injin gwaji aka rufe ɗakinta, sai aka rasa inda za a kai ta. Wani mai hikima a ofis ya ga an rubuta madubi a takardunta, ya tura ta gidan adana kayan tarihi, sashen duwatsu da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe tun kafin a yi mutum. Aka ba ta ɗaki a ƙasan bene, mai taga ɗaya da ba ta nuna komai sai ƙafafun masu wucewa. Tana da shekara hamsin da ɗoriya ta zauna ta koyi sabuwar sana'a, ba ta yi ƙorafi ba. A yanka dutse da zarto mai ruwa, a manna yankin a gilashi da gam, sannan a yi ta goga shi a kan faranti da gari mai kaushi, ana zagayawa ana zagayawa, har dutse ya yi sirantar da haske zai ratsa shi. Daga nan a rufe da wani gilashin da bai fi ɓawon albasa kauri ba. Shekara shida tana wannan gugar, har zanen yatsunta ya shafe. Na'urar dangwale ta bakin ƙofa ta daina gane ta, kullum sai mai gadi ya rubuta ta da hannu.

Shugaban sashen Farfesa ne, mutum mai ilimi, ba a raba shi da wannan. Ma'aikata dai a bayan idonsa Ba-Lokaci suke ce masa, don duk abin da ka zo da shi amsar ɗaya ce: "Ba ni da lokaci." Mutumin da ke kirga shekaru da miliyan-miliyan, amma minti biyu sun fi ƙarfinsa.

Rigimar ta faro ne daga wani dunƙulen dutse mai ruwan toka, bai fi tsawon tafin hannu ba, da masu haƙa suka kawo daga gaɓar wani busasshen kogi. A rajistar da ake bugawa a kwamfuta an rubuta masa lamba, a gefe an sa kashi. To, kwamfutar ofishin ba ta san ƙugiya ba. Ƙafa takan fito kafa, ƙasa ta fito kasa, kowa ya saba yana gyarawa a kansa. A gidan da ba a maganar komai sai ƙasusuwa, wa zai ga kashi ya karanta wani abu daban? Farfesa ya aiko da umarni a yi masa yanka goma sha biyu na wannan ƙashin.

Kwana tara ta yi a kansu. Da ta gama ta sa na farko a madubi don ta duba kauri, kamar yadda ta saba. Ta ga guntayen ƙashi nan da can, ta ga ƙasa-ƙasa mai duhu. Sai hannunta ya tsaya a kan abin juyawa. A gefe guda ga wasu 'yan abubuwa masu siffar ƙwai sun taru wuri ɗaya, kamar goma sha biyar. Ta juya sama, ta juya ƙasa. Kowanne da ɓawo mai kauri, ciki da waje. Shekara shida ke nan rabonta da su, ga su sun biyo ta har cikin dutse.

Ba ta kai ga hawa sama ba sai ga Farfesa ya sauko da kansa, yana duba agogo. Ya sunkuya a kan madubin bai ko zauna ba. Da za a ƙirga, bai yi numfashi goma ba ya ɗago.

"Malama, mene ne wannan? Kumfa ce cike da gilashi. Kin bar iska ta shiga gam."

"Ranka ya daɗe, ba kumfa ba ce. Ƙwai ne."

"Ƙwan me?"

"Ƙwan tsutsar ciki. Kumfa ai girmanta ba ya zuwa ɗaya, wata babba wata ƙarama. Waɗannan dube su, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ka juya kaɗan ka ga ɓawon."

Ya yi dariya, irin dariyar da ta fi zagi ciwo. "Tsutsar ciki a cikin ƙashi? Malama, nan fa ba asibiti ba ne. Kin daɗe kina kallon tsutsa har ta zauna miki a ido. Dutse ɗaya tak muke da shi irin wannan, kin cinye rabinsa a banza."

Ya zaro jar maka daga aljihu, biron nan mai kaurin baki da tawadarsa ba ta goguwa, ya bi gilasan nan goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya yana gicciya musu ja. A 'yar takardar da ke manne a gefen gilashi na farko ya rubuta sakaci, ya sa hannu, ya watsa su a kwandon shara. Washegari masinja ya kawo mata takardar tuhuma, kwafi ɗaya nata, ɗaya na fayil.

Gilasan dai ba su kwana a shara ba. Yana fita ta tsince su, biyu sun fashe, goma ta jera a akwatinsu ta kulle a durowa.

Da la'asar ta koma gida ta tarar da maigidan a tsakar gida yana gyaran fanka. Ta miƙa masa takardar. Ya karanta, ya ninke, ya ce abin da mazan duniya suka saba cewa.

"Ki yi haƙuri, uwar yara. Wata huɗu ne fa. Takarda ce kawai, ba ta hana fansho."

"Kada ka ƙara ce mini haƙuri, Malam. Haƙuri na yi shi shekara ashirin da bakwai da hancina. 'Yan'uwanka sun ƙi cin abin hannuna, na yi shiru. An ɗauke ni daga aikina an kai ni rami, na yi shiru. Ban tara gida ba, ban tara mota ba. Abu ɗaya na tara, a buɗe fayil ɗina a ga ba a taɓa cewa na yi wasa da aiki ba. Shi ne wani zai zo a tsaye, ko zama bai yi ba, ya ɓata mini?"

"To in kuma kumfar ce fa?"

Ta yi masa wani kallo, ya koma kan fankarsa.

Amma maganar ta zauna mata, don a ranta ta san Farfesa ya faɗi gaskiya guda: ƙwan tsutsar ciki ba ya zama cikin ƙashi. Hanyarsa ɗaya ce, kuma ba wanda ya san hanyar nan kamar ta. Idonta na cewa ƙwai, rajista na cewa ƙashi. Dole ɗaya ya yi ƙarya, ita kuwa ba ta taɓa kama idonta da ƙarya ba.

Da safe ta karɓi makullin sito ta shiga neman kwalin da dutsen ya zo a ciki. Kwalayen wannan haƙar duk rubutun mutum ɗaya ne a jikinsu, wani dattijo da ake kira Hedimasta, tsohon shugaban firamare da ya yi ritaya ya koma bin masu haƙa yana riƙe musu littafi. Rubutunsa tsaye yake kamar soja. Ta bi kwalayen da yatsa. Ƙashin muƙamuƙi, ga ƙugiyoyi uku reras. Ƙashin haƙarƙari, kowace ƙugiya ta lanƙwaso kamar an auna. Ƙashin wutsiya. Sai kwali na bakwai, nata. Kashi. K ɗin a miƙe take sak, ba ko alamar lanƙwasa.

Ta tarar da Hedimasta a bayan gini ƙarƙashin rumfa, yana wanke tsakuwa a rariya. Ta dire masa kwalin a gaba.

"Hedimasta, nan mantuwa ka yi da ƙugiya?"

Dattijon ya cire tabarau ya dube ta kamar ta zagi iyayensa. "Ni? In manta da ƙugiya? Baiwar Allah, shekara talatin ina sa yara durƙuso a kan ƙugiya. Abin da na rubuta shi nake nufi. Kashi ne, na bayan-gida, gafarta mini. Kusa da muƙamuƙin dabbar nan mai dogon baki kamar kada muka tsince shi. Dubi siffarsa mana, ai ko makaho ya shafa ya san daga inda ya fito. Ya daɗe ne ya zama dutse."

"To guntayen ƙashin da ke ciki fa?"

"Na kifin da ta ci ne. Wa ya ce muku ƙashi ne?"

"Kwamfuta."

Ya yi tsaki ya mai da tabarau. "Na faɗa musu tun ranar da suka sayo ta. Abin da bai san bambancin ƙafa da kafa ba, shi za ku ba amanar littafi."

Ta koma ɗakinta ta kulle ƙofa, ta sa gilashin a madubi, ta daɗe tana kallo ta gefen jan gicciyen. Wata dabba ce da ba idon mutum da ya taɓa ganinta a raye, ta yi iyo a kogin da yanzu babu shi, ta ci kifinta, kuma duk girmanta da haƙoranta akwai wani ɗan abu a cikin hanjinta yana cin rabonsa bai yi farauta ba. Mai masaukin ta mutu, irinta ya ƙare kaf, ƙwan baƙon ga shi nan lafiya lau. Ashe ci-ma-zaune ya girmi ɗan Adam nesa ba kusa ba. Ta ji tausayin dabbar ya kama ta, ta kuma ji haushi ya ƙaru, ba ta tsaya raba su ba.

Sau uku tana hawa bene da kwalin a hannu. Na farko Farfesa yana waya. Na biyu yana shirin fita. Na uku ya ce ta bakin ƙofa, "Malama, maganar nan an rufe ta. Ba ni da lokaci."

Ranar hutunta ta saka gilashi biyu a jaka ta hau mota zuwa makarantar koyon likitancin dabbobi. Akwai wata likita a can, masaniyar tsutsotsi, wadda tun tana ɗaliba takan zo ɗakin gwajin asibiti Ta-Madubi ta nuna mata ƙwai. Yanzu ta zama babba, har da furfura a gaban goshi, amma Gwaggo take ce mata har gobe. Likitar ta zauna, ta gyara kujera, ta sa ido. Ta juya sama, ta juya ƙasa. Ta ɗauko ma'auni ta auna guda goma tana rubutawa. Kusan rabin awa ta yi a kan madubin kafin ta ɗago.

"Gwaggo, wa ya yanka wannan?"

"Ni."

"Wa ya yi masa jan gicciye?"

"Mai ilimi."

Likitar ta ɗauki waya a take ta kira Farfesa. Abin mamaki, sai ga lokaci ya samu. Kafin azahar ɗin washegari Farfesa ya sauko ƙasan bene, ya ja kujera ya zauna, zama na gaske, ya yi awa guda a kan madubi. Da ya ɗago fuskarsa tana sheƙi. Ya ce wannan abu ne da ba kasafai ake samu ba a duniya, ya ce za a rubuta, za a buga, za a kira 'yan jarida. Ya ce, "Mun yi babban gamo." Bai ce yi haƙuri ba. Bai ma dubi inda take tsaye ba, sai da zai fita ya ce ta adana gilasan da kyau.

Daga nan gidan ya rikice. Aka yi fenti, aka sayo akwatin gilashi, aka zana dabbar a bango da bakinta buɗe. Aka sa ranar buɗe nuni. A duk takardar da ta fita, Farfesa da tawagarsa ne suka gano. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Maigidan ya fi ta jin zafin wannan, har yana cewa zai je gidan jarida da kansa. Ta ce ya zauna. Suna a jarida ba shi ne ciwonta ba, jarida gobe an ƙunshe kaya da ita. Ciwonta yana cikin kabad ɗin ƙarfe a ofishin akawu.

Ta je ta sami akawun, mutum mai sanyin hali da ya tsufa cikin ƙurar fayil.

"Ɗan'uwa, takardar nan tawa za ka cire. Kowa ya ga ba kumfa ba ce."

"Wallahi Gwaggo da ana cirewa da na cire tun jiya. Abin da ya shiga fayil ba ya fita, an riga an ba shi lambar shafi. Sai dai wanda ya rubuta ya sake rubuta wata ya ce ya janye, in ɗora ta a kai."

"Layi nawa?"

"Ko biyu sun isa."

Saura kwana uku a buɗe nuni Farfesa ya aiko a kira ta. Gilashi na farko, wanda ƙwan suka fi fitowa a ciki, shi za a ɗora a madubi manyan baƙi su leƙa. Ga jan gicciye ya ratsa shi, ga takardar gefe da rubutunsa. Ya gwada gogewa a ɗaya daga cikin fasassun da sinadari, sinadarin ya zurara ƙarƙashin murfin ya narkar da gam, yankin dutsen ya wargaje. Takardar gefen kuma a jikin murfin take, in an ɓamɓare ta da ƙarfi murfin zai biyo ta. Ya gane aikin na mai shi ne.

"Malama, ki goge mana wannan jan, ki canza takardar. Kuma na sa a rubuta sunanki a cikin godiya, a ƙarshen rahoto."

"Na gode, ranka ya daɗe. A bar godiyar. Layi biyu nake so, ka ce ka janye takardar sakaci."

"Wannan ai ƙaramin abu ne. Bari a gama taro, yanzu ba ni da lokaci."

"To ni ma bari a gama taro."

Ya ɗago ya dube ta, watakila karo na farko a shekara shida. "Umarni nake ba ki."

"Na ji. Amma a rubuce yake cewa ni mai sakaci ce, da sa hannunka. Gilashi ɗaya tak kuke da shi irin wannan. Yaya za a ba mai sakaci ta taɓa shi? In ya lalace fa?"

Ta fita ta bi matakala ta sauka. Ba ta taɓa yi wa shugaba haka ba, amma ba ta juya ba.

Ya ɗauka za ta sauko. Girman kai ya hana shi rubutu, ita kuma taurin kai ya hana ta ɗaukar audugar goge jan, har ranar ta zo. Aka ɗora gilashin yadda yake, aka yi dabara aka juya takardar gefen ta fuskanci bango. Ta-Madubi na tsaye a gefe cikin farar rigar aiki, don ita ce mai daidaita madubi in baƙo ya gurɓata shi. Farfesa ya yi jawabi mai daɗi a kan tsutsa da mai masaukinta, yadda suka yi zamani tare tun duniya na ɗanya. Aka tafa. Baƙi suka yi layi.

Ta uku a layin wata dattijuwa ce, shugabar hukumar da ke kula da gidan, irin matan da ba a yi musu rufa-rufa. Ta leƙa, ta yi kabbara, sannan ta ɗago ta karkata kai tana duban gilashin kansa. Ta zagaya ta bayan tebur ta karanta takardar da ƙarfi.

"Sakaci. Sakacin wa?"

Kowa ya juyo. Hedimasta da ke can baya ya yi gyaran murya. Dattijuwar ta dubi Ta-Madubi, don ita ce mafi kusa.

"Ranki ya daɗe, ni gogewa ce aikina, ba rubutu ba. Ga sa hannun mai rubutun nan a ƙasa."

Abin da aka faɗa wa Farfesa a ofis bayan taron, ba wanda ya ji, ƙofa a rufe take. An dai ga likitar dabbobi da Hedimasta sun shiga, an ga sun fito. Takardar ba ta zo washegari ba, ba ta zo a satin ba. Sai ranar aikinta ta ƙarshe, tana kwashe kofinta da sallayarta a kwali, masinja ya shigo da ambulan.

Layi biyu ne, an buga su a kwamfutar ofis. Ta karanta sau ɗaya, ta sake karantawa, sai ta ji wata dariya mai ɗaci ta taso mata. Ga abin da aka rubuta: An janye takardar da aka ba ma'aikaciyar, domin bincike ya nuna samfurin kashi ne, ba kashi ba.

Ta buɗe durowa ta ɗauki jar makar da Farfesa ya manta a ɗakinta tun ranar farko. Ta hau bene, ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta shimfiɗa takardar a kan teburinsa, ta ajiye makar a kai.

"Ranka ya daɗe, saura ƙugiya."

Ya duba, ya ɗaga kafaɗa. "Haba Malama. Ai kowa ya gane abin da ake nufi."

"Haka kuka ce wancan karon."

Ya duba agogo, ta ga ya duba, ba ta motsa ba. Can ya cire murfin makar, ya sunkuya, ya lanƙwasa wa k ta kashi na biyu ƙugiyarta, ja wur a tsakiyar baƙin rubutu.

"Sa hannu a gefen gyaran," in ji ta. Ya sa.

Da kanta ta kai wa akawu. Ta tsaya a kansa har ya huda takardar, ya zura igiya, ya ɗaure ta a saman waccan, ya ba ta lambar shafi. Ta ƙasan tana nan, ba inda za ta, kuma Ta-Madubi ba ta yi kamar ta huce ba, don ba ta huce ba. Amma duk wanda ya buɗe fayil ɗin nan, ko bayan ranta, da jar ƙugiyar zai fara cin karo.

Daga nan ta wuce ɗakin nuni, ta sa mai gadi ya buɗe akwatin. Ta naɗa auduga a kan tsinke, ta ɗiga sinadari ta matse shi har ya kusa bushewa, ta bi jan gicciyen a hankali daga tsakiya, ba ta bari ya kusanci baki ba. Ta jiƙa takardar gefen da ɗigon ruwa ta zare ta. Duka aikin minti huɗu ya ci. Ta ɗaga gilashin a haske ta harare shi, ta mai da shi ƙarƙashin madubi, ta daidaita wa wanda zai zo bayanta.

A bakin ƙofa ta ɗora yatsa a na'urar dangwale, na'urar ta ƙi ta kamar kullum. Mai gadi ya jawo littafi zai rubuta ta, ta karɓi biron ta rubuta da kanta. Maigidan na jiran ta a waje da kwalin kayanta a hannu.

"An ɗora?" ya tambaya.

"An ɗora. Da ƙugiyarta."